Tumbuɗi da ƙwannafi a yara: kurakuran da aka fi yi wajen ciyarwa

A ƙarshen maƙogwaro, daidai bakin tumbi, akwai wata tsoka da ke tsukewa bayan abinci ya wuce. Idan ta saki, abinci da ruwan tsamin ciki sai su dawo sama. Ga jariri shi ne tumbuɗi. Yaron da ya tasa kuwa zai ce ƙirjinsa na zafi, ko ya riƙa gyatsa mai tsami, ko tari ya hana shi barci.

Kuskuren da ya fi yawa a ƙauyukanmu shi ne ɗora wa nonon uwa laifi. Da jariri ya fara tumbuɗi sai kaka ta ce nonon ba shi da kyau, a kawo dauri, ko ruwa, ko madarar shanu. Alhali tsokar nan ce ba ta gama ƙwari ba. Tumbuɗi yakan fi yawa wajen wata 4, yawancin yara kuma suna daina shi kafin su shekara ko jim kaɗan bayan haka. Muddin yana ƙiba, yana fitsari, yana wasa, a bar shi da nono zalla har wata 6. Gyaran yana wajen shayarwa: a ba shi kaɗan-kaɗan amma akai-akai, a ɗora shi a kafaɗa ana shafa bayansa har ya yi gyatsa, a riƙe shi a tsaye minti 20 zuwa 30. Kada a goya shi nan take a ɗaure zani tamau a shiga daka, domin matsi da jijjiga su ke turo nonon. In zai yi barci a kwantar da shi rigingine, ko da yana tumbuɗi.

Sai ɗura, wadda ita ta fi tayar mini da hankali. A kwantar da yaro a cinya, a tara hannu a bakinsa, a tsiyaya koko, a toshe masa hanci har sai ya haɗiye yana shure-shure. Cikin ya cika fiye da ƙima, ya haɗiyi iska, kunun kuma yana iya sarƙe shi ya faɗa huhu. A zaunar da shi, a yi kunun da ɗan kauri, a ba shi da cokali. In ya kawar da kai a dakata, an jima a sake gwadawa.

Yaran da suka tasa, tuwon dare ne matsalarsu. Yaro ya wuni kiwo ko gona da ɗan ɗumamen safe, bayan isha'i ya cika ciki da tuwon dawa da miyar kuka mai yaji, ya kora da ruwa kofi biyu, ya miƙe a tabarma. A raba masa abincin nan gida huɗu ko biyar a wuni, na dare ya zama mara yawa, a ci da magariba domin a samu awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Kwanciya a gefen hagu tana rage masa.

Wasu iyayen kuma, da sun ji an ce abinci ne, sai su hana yaro komai har ya rame. Ba haka ake yi ba. Waɗanda aka fi zargi su ne soye-soye irin ƙosai, awara da fanke, da barkono, kunun tsamiya, lemon tsami, lemon kwalba da shayi. Amma kowane yaro da abin da ke tayar masa. A janye abu ɗaya na mako biyu a gani. In ba a ga sauyi ba a mayar masa, a gwada wani. Wake, ƙwai, kifi, zogale da dankalin Hausa kada su bar kwanonsa haka kawai.

Jiƙa kanwa a ba yaro ma kuskure ne. Tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishirinta ya fi ƙarfin ƙodar ƙaramin yaro, kuma tana kumbura ciki.

Akwai alamun da gyaran abinci ba ya maganinsu: amai kore ko mai jini, aman da ke feshi da ƙarfi ga jaririn da bai wuce wata 2 ba, rama, ƙin cin abinci, wahalar haɗiya, ko sarƙewar numfashi. In an ga ɗaya daga ciki, kada a jira ranar kasuwa. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi babban asibiti a Kano ko Dutse.