Yadda Ake Rubuta Hasashen Kaka Kan Ƙungiyar Ƙwallon Jami'a ta Amurka

Wani matashi da ke gabatar da shirin wasanni a ɗaya daga cikin gidajen rediyon nan Damagaram ya same ni a fadarmu ta Sabon Gari bayan sallar isha'i, ya miƙo mini takarda, ya ce, "Malam, don Allah ka duba mini wannan kafin in karanta shi ranar Asabar." Hasashe ne ya rubuta kan wata ƙungiyar ƙwallon jami'a ta Amurka, domin a cewarsa akwai ɗalibai daga Jami'ar André Salifou da suka fara bin wasan a wayoyinsu, suna kuma aiko masa da tambayoyi. Na karanta har ƙarshe, Hausarsa babu abin kushewa, amma na mayar masa da takardar na ce, "Ƙanena, ka rubuta labarin ƙungiyar da ta riga ta watse." Tun daga layin farko har na ƙarshe sakamakon bara yake lissafawa, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka kawo wannan sakamako sun riga sun bar makarantar.

Kafin komai, marubuci ya tabbata ya san wasan da yake magana a kai, saboda sunan yana ruɗin mutane. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon jami'a ɗan'uwan zari-ruga ne, ba irin ƙwallon ƙafar da muke kallo ba. Kowane ɓangare yana sa mutum 11 a fili, kuma masu kai hari suna da dama 4 su ci yadi 10 gaba, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo har gidan abokan hamayya ya sami maki 6, wanda ya buga shi da ƙafa ta tsakanin sanduna ya sami 3. Ana fara kaka a ƙarshen watan Agusta, kowace ƙungiya ta yi wasa 12, sannan a shiga gasar fitar da zakara, wadda aka soma da ƙungiya 4 a 2014, aka faɗaɗa ta zuwa 12 a 2024. Wannan ya isa a sakin layi guda. Mai sauraro ya kunna rediyo ne don ya ji yadda kaka za ta kasance, don haka kada a cika shi da darasin dokoki.

Aikin gaske yana farawa ne da lissafin waɗanda suka tafi. Ƙungiyar ƙwararru, ko Real Madrid ce ko Espoir ta nan garinmu, tana iya riƙe ɗan wasa shekara goma in ta ga dama kuma ta iya biyansa. Ƙungiyar jami'a kuwa aji ce, kuma kowace shekara sai an yaye wasu. Ƙa'idar da hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta daɗe a kanta ita ce ɗalibi ya buga kaka 4 cikin shekara 5, kuma gwanaye ba sa ma jira su cika, domin gasar ƙwararru ta NFL tana ɗaukar wanda ya yi shekara 3 da gama sakandare, a zaɓen da take yi kowane watan Afrilu. Saboda haka ka ɗauko jerin mutum 22 da suka saba fara wasa bara, 11 na hari da 11 na tsaro, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da biro, ka soke sunan duk wanda ya kammala karatu, ko ya tafi NFL, ko ya koma wata jami'a. Abin da ya rage a takardar shi ne jarin da ƙungiyar za ta shiga kasuwa da shi.

Misalin da nake yawan bayarwa shi ne na Jami'ar Mishigan. A kakar 2023 ta yi wasa 15 ta cinye su duka, ta doke Washington da ci 34 da 13 a wasan ƙarshe ta ɗauki kambun ƙasa. Kafin watan Janairun 2024 ya ƙare kocinta, Jim Harbaugh, ya tafi horar da ƙungiyar ƙwararru ta Los Angeles Chargers, sannan a watan Afrilu NFL ta kwashe mata ƴan wasa 13, ciki har da J.J. McCarthy, wanda shi ne ke jagorantar harinta. Duk da haka masu jefa ƙuri'ar kamfanin dillancin labarai na AP suka sa ta a matsayi na 9 kafin a fara kaka, girman sunanta da kambun da ke hannunta suka rinjaye su. Ta ƙare 2024 da nasara 8 da faɗuwa 5. Wanda ya zauna da biro ya yi wancan lissafin sokewa tun watan Yuli ba zai yi mamakin wannan ba.

Sai dai waɗanda suka tafi ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a nan ne ake gane marubucin da ya fahimci wasan. Akwai ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a kowane hari, ya yanke shawarar ko ya jefa, ko ya miƙa, ko ya ruga da kansa. Amurkawa suna ce masa kwatabak, ni kuma a rediyo na fi son a kira shi madugu, domin mutumin Damagaram ya san abin da ke faruwa da ayari idan madugu bai san hanya ba. Ka bincika ko madugun bana ya taɓa fara wasa a wannan mataki, sau nawa, kuma sau nawa ya jefa ƙwallo ya faɗa hannun abokan hamayya. Idan har tsakiyar Agusta koci bai bayyana wanda zai ja ragama ba, yana cewa yana da mutum uku nagari, ka rubuta wannan a matsayin abin damuwa. Mishigan ta gwada madugai uku a waccan kaka ta 2024, kuma hakan alama ce ta cewa babu wanda ya gamsar da masu horarwa.

Bayan madugu sai ƙarfafan nan biyar da ke tsayawa a gabansa, waɗanda zan kira ƴan ganuwa. Ba sa cin maki, kyamara ba ta bin su, yawancin masu sharhi ma ba sa ambaton sunayensu, amma su ne ke ba madugu daƙiƙu biyu ko uku da yake buƙata ya ga wanda zai jefa wa. Aikinsu na sabo ne, irin na masu daka a turmi ɗaya, wanda in ɗaya ta ɓata kiɗa sai taɓare su yi karo. Biyar da suka yi shekara biyu tare sun fi gwanaye biyar da aka haɗa jiya. Don haka ka ƙidaya mutum nawa cikinsu suka dawo, kuma in ka tarar huɗu ko duka biyar sababbi ne, ka rage wa ƙungiyar daraja a wasannin watan Satumba ko da kowa yana yabon madugunta. Ni a ganina wannan shi ne sakin layin da ya fi cancanta a tsawaita a duk hasashen, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Daga nan ka juya ga waɗanda suka shigo. A da sababbin ɗalibai daga sakandare kawai ake dubawa, su kuma ba kasafai suke tasiri a shekararsu ta farko ba. Tun da aka buɗe rajistar sauya makaranta a 2018, aka kuma halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu da hotonsu a watan Yulin 2021, ƙungiya tana iya canza kama cikin hunturu ɗaya. Indiyana ta ci wasa 3 kacal cikin 12 a 2023, sai ta ɗauko Curt Cignetti daga Jami'ar James Madison, ya taho da ƴan wasa fiye da goma da suka riga suka san tsarinsa, ta ci 11 a 2024 ta shiga gasar fitar da zakara. A shekarar ce kuma Jami'ar Jihar Fulorida, wadda ta ci wasa 13 a 2023, ta dogara da sababbin zuwa don cike gurbin waɗanda suka tafi, ta ƙare da nasara 2 da faɗuwa 10. Tambayar da za ka yi wa kowane sabon zuwa ita ce ko yana buga wasa a inda ya baro, ko kuwa zaman benci ne ya kore shi. Ka kuma duba ko an canza mataimakan koci biyu da ke tsara hari da tsaro, domin sabon mai tsarawa yana zuwa da sababbin kalmomi da alamomi da sai an koya daga tushe.

Sakamakon bara yana da amfani, amma sai an tankaɗe shi. Ka ware wasannin da aka tashi da tazarar maki 8 ko ƙasa da haka, wato waɗanda hari guda zai iya juya su. Ƙungiyar da ta ci irin waɗannan wasanni biyar ko shida ba tare da ta faɗi ko ɗaya ba, akwai sa'a a cikin nasararta, kuma ba a gina hasashe a kan cewa sa'a za ta maimaita kanta. Haka ƙwallon da ya suɓuce ya faɗi ƙasa: siffarsa kamar ƙwai ce, babu mai sanin inda zai yi tsalle, don haka wadda ta tsinci kusan duka bara ba lallai ta tsince su bana ba.

Jadawali kuma a karanta shi da taswira a gefe. Wasannin farko sau da yawa da ƙananan makarantu ake yin su, waɗanda ake biya kuɗi su zo, amma kada ka rubuta su a matsayin nasara tun kafin a buga ba tare da ka duba ba, domin Appalachian State ta je har gida ta doke Mishigan da ci 34 da 32 a 2007, Northern Illinois kuma ta yi wa Notre Dame haka da 16 da 14 a 2024. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda wasanni masu wuya suka taru a jere, da wanda za a yi a gida, da wanda za a yi a waje, da makon da aka ba ƙungiya hutu. Filin Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma a irin wannan hayaniya baƙon madugu ba ya iya jiyar da ƴan ganuwarsa umarni. Tafiya ma ta zama abin lissafi tun da rukunin Big Ten ya kai jami'a 18 a 2024, har da na gaɓar yamma irin su Oregon da UCLA. Mu da muka san yadda ƙafafu ke yi bayan kusan kilomita 900 daga Zinder zuwa Yamai ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani, sai dai a ƙara mana da cewa su har agogo yana canza musu da awa uku.

Game da inda za ka samo labari, ka yi hattara da bakin koci a watan Agusta. Babu mai tallar da ke kushe hajarsa, kuma kowace shekara za ka ji an ce yara sun ƙara ƙarfi, an haɗa kai fiye da kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ka nemi rahotannin ƴan jaridar garin da jami'ar take, waɗanda ke zuwa wajen atisaye, ka lura da wanda aka ce ba a gan shi a fili ba kwana uku, da wanda aka canza wa matsayi. Jerin ƴan wasa na shafin jami'ar kansa ya fi duk wani bidiyo na minti ɗaya da ke yawo a Facebook, domin bidiyon gwaninta kawai yake nunawa, ba ya nuna kuskure.

Idan ka zo rubutawa, ka buɗe da tambaya guda wadda kakar ta rataya a kanta, kamar ko sababbin ƴan ganuwa za su iya kare madugu kafin wasan farko mai wuya. Sunaye biyar ko shida sun isa, domin kunnen mai sauraro ba ya riƙe ashirin, balle sunayen da bai saba ji ba. Sannan ka faɗi adadi ƙarara, ka ce kana sa ran nasara 8 cikin 12, ka nuna wasanni biyu da in sun juya adadin zai zama 7 ko 9, ka kuma tuna cewa nasara 6 ce ke ba ƙungiya damar wasan ƙarin ƙarshen kaka. Marubucin da ya ce komai na iya faruwa bai yi hasashe ba. Ka ajiye takardar, ka ɗauko ta a watan Disamba ka karanta wa masu sauraro inda ka dace da inda ka kauce.

Abu na ƙarshe da matashin nan ya manta, wanda kuma masu sauraronsa za su fi tambaya, shi ne lokaci. Daga Agusta zuwa farkon Nuwamba agogonmu yana gaban na gabashin Amurka da awa 5, don haka wasan tsakar rana a can ƙarfe 5 na yamma ne a nan, na 3:30 kuma 8:30 na dare, na 7:30 ya kai 12:30. Daga Lahadin farko ta Nuwamba suna mayar da agogonsu baya, tazarar ta koma awa 6, wasan tsakar rana ya faɗo daidai magariba. Ko da yake minti 60 ne a agogon wasa, ana shafe fiye da awa 3 kafin a tashi, saboda haka in ƙungiyar da ka zaɓa ta gaɓar yamma ce, ka gaya wa mutane tun da wuri cewa wasu wasanninta za su fara wajen ƙarfe 3:30 na dare, za a kuma kira sallar asuba ba a gama ba.