Yadda za ka yi da ruwan sama da kwatar ƙofar gidanka a Legas

Duk wanda ya yi damina ko guda ɗaya a Legas ya san ruwan nan ba irin na gida ba ne, daga watan Afrilu yake somawa, Yuni da Yuli kuma kamar da bakin ƙwarya, ya ɗan lafa a Agusta sannan ya dawo Satumba da Oktoba. Ni a Agege nake zaune kuma abin da na daɗe ban gane ba shi ne ina ruwan kwatarmu yake tafiya. Ashe babu wani wajen tacewa da yake bi, daga ƙaramar kwata sai babba, sai kanal (babbar magudanar ruwa), sai lagun (babban tafkin nan na Legas da ke haɗe da teku), sai teku. Duk abin da ka zuba a ciki can zai je, kuma daga lagun ɗin nan ne masuntan Makoko da na Ikorodu suke kamo kifin da muke saye muna ci.

Akwai kuma matsalar garin bakin teku da ba mu saba da ita ba. Yawancin Legas ƙasa-ƙasa take, in teku ya cika ya turo ruwa cikin lagun to ruwan kanal ba shi da inda zai zuba, tsayawa yake yana jira, shi ya sa za ka ga an ɗauke ruwa amma layi na nan cike sai bayan wasu awanni ya janye. Wannan ba mu da iko a kansa. Namu shi ne yawan ruwan da muke turawa titi da kuma ƙazantar da yake kwasa.

Fara da rufin ɗakinka. Lissafin ba wuya, ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, kenan rufin kwano mai murabba'in mita 50 in aka yi ruwa milimita 20 zai zubo da lita 1,000, jarka 40 ta lita 25 kenan, daga gida ɗaya fa, kuma duk titi yake tafiya alhali gobe za ka kira mai ruwa ka biya. Sa indararo ka kafa durom ko tanki a ƙarƙashi. Ruwan farko na minti goma ko sha biyar ka bar shi ya wuce don shi ke wanke ƙura da kashin tsuntsu, sannan ka tara, ka rufe bakin da murfi ko raga saboda sauro. Ya isa wanki da wanka da banɗaki, in sha za a yi sai an tafasa.

Tsakar gida kuma dan Allah a daina malale ko'ina da siminti. Na san masu gidajen haya suna son haka don ya fi sauƙin shara amma ruwan da ƙasa za ta shanye shi ne yake fita da gudu ya shiga shagon maƙwabci. A bar wani gefe ƙasa ko a zuba tsakuwa, ko a sa intalok wanda ruwa ke bi ta tsakaninsa, in da fili a dasa ayaba ko gwanda a inda ruwa ke taruwa. Sai dai a unguwannin da ruwan ƙasa yake kusa sosai, irin su Ajegunle da ɓangaren Lekki, haƙa rami don ruwa ya nitse ba ya wani aiki, can tanki ya fi.

Yanzu kwata, nan ne aikin yake. A yashe ta tun Maris kafin ruwa ya kankama, ba ranar da ta cika ba. Shebur da manjagara da baro da buhuna, sai takalmin roba da safar hannu don akwai fasassun kwalabe a ciki. Ku fara daga ƙasa inda ruwan ke fita ku yo sama, in kun fara daga sama duk abin da kuka motsa zai gangara ya toshe gaba. Kuskuren da kusan kowa ke yi, har da mu a layinmu shekarun baya, shi ne a fito da baƙin taɓon a tara shi a bakin kwatar a tafi. Mun taɓa yin haka ranar Asabar, muka sha wahala tun safe har azahar, daren Lahadi aka yi ruwa, da gari ya waye wallahi ko tsibi ɗaya babu duk ya koma ciki. Ka bar shi kwana ɗaya ya tsane, ka zuba a buhu, motar shara ta ɗauka. A bakin bututun da ke fita daga gida kuma ka sa 'yar raga ta ƙarfe, za ka yi mamakin ledar fiya wata da ƙullin omo da za ta tare a sati guda.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mai fitowa da kwandon shara da zarar hadari ya haɗo, wai ruwa zai tafi da ita. Tafiyar mita ɗari za ta yi ta maƙale a ƙarƙashin kwalbati, ruwan ya dawo ɗakin wani bawan Allah. Gwamnatin jihar ta hana robar tekawe ɗin nan fara mai kama da soso tun Janairun 2024 saboda ita ce ke cika kanal, to mai shayi da mai abinci su nemi madadinta. A yi rajista da motocin kwasar shara na 'yan kasuwa (PSP) da hukumar kula da shara ta jihar, wato LAWMA, ta ba unguwa, a haɗa kuɗin gida-gida. Gorar roba da gwangwani kuwa a ware su daban, 'yan'uwanmu masu sayen kayan bola suna biya.

Baƙin mai kar ya taɓa kwata ko kaɗan. Makanike da mai keke da mai janareta, a juye a galan a rufe, akwai masu saye. Shi ne wannan kalar bakan gizon da kake gani a saman ruwa, yana kashe kifi.

Ga babbar sallah ma 'yan shekarun nan cikin damina take faɗowa. Jini da kayan tumbi a haƙa rami a binne ko a ƙulle a buhu, kar a wanke su cikin lambatu. Irin wannan ƙazantar da ta masai su ne takin kainuwar da ke rufe lagun har jiragen ruwan Ikorodu su kasa wucewa.

Sokawe kuma in ya cika a kira mota ta zuƙe. Akwai masu buɗe shi cikin dare in ana ruwa, kuma mun ga kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024, ruwan nan ne yake bi ya shiga rijiya da fasassun bututun famfo da suka ratsa ta cikin kwata. Rijiya ta yi nesa da masai kamar mita 30 in fili ya bari, a ɗaga bakinta sama da ƙasa, a yi mata murfi. In ambaliya ta shiga cikinta kar a sha sai an kwashe an sa sinadarin kilorin.

Kwata dai ba ta mutum ɗaya ba ce, in ka gyara taka na ƙasa da kai bai gyara ba aikin banza ne. Ku sa liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, ku tsayar da Asabar ɗaya a wata, shugaban layi ya riƙe kuɗin buhu da na mota. Babbar kanal kuwa ta fi ƙarfin shebur kuma kar a bar yara su shiga, ku ɗauki hoto ku kai ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli da ke Alausa da sunan ƙungiyar unguwa, in ba su zo ba ku sake komawa kafin Yuni.