Kurakuran da dattawanmu ke yi wajen ƙarfafa ƙafa da tsalle

Nan Makka ina yawan jin iyayenmu na Shara Mansur suna cewa ai ɗawafi da sa'ayi sun ishe su motsa jiki. Tafiya ce mai kyau kam, sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3, amma ita tafiya bata gina cinya yadda ake so. Tsoka tun daga shekara 30 take fara raguwa, bayan 60 abin ya ƙara gudu, kuma wanda ke fara guduwa shine zafin naman ƙafa, wanda in mutum yayi tuntuɓe zai tare kansa kafin ya kai ƙasa. Shi yasa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 tace ɗan 65 zuwa sama ya riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a sati, na daidaita tsayuwa kwana 3.

Kuskuren da yafi tada min hankali shine farawa da tsalle. Baba yaga samari a waya suna dira kan akwati shima ya miƙe, a kan tayil, da silifas kuma. Dan Allah Baba a fara da kujera, a jingina ta da bango, ka zauna ka tashi sau 8 zuwa 10 ba tare da dafa gwiwa ba, sannan ka riƙe bango kana ɗaga dunduniya, kayi makonni a haka har ya zama ba komai, sai ka gwada ɗan ƙaramin tsalle da takalmi mai kama ƙasa, ka sauka kan gaban tafin ƙafa gwiwa a ɗan lanƙwashe. In na ɗakin ƙasa najin dirarka to da nauyi kake sauka, koma kujera.

A lura kar gwiwoyi su riƙa haɗuwa ciki wajen tashi, su kalli inda yatsun ƙafa suka kalla. Kar a riƙe numfashi, yana harba jini sama, masu hawan jini ku kiyaye. Kuma ba kullum ba, a bar kwana ɗaya tsakani.

Tsamin cinya washegari ba matsala, amma suka cikin gwiwa ko kumburi, wannan a tsaya. Hajiya in likita yace ƙashinki yayi rauni ko an miki aikin gwiwa, kar ki yi tsalle sai ya yarda. Masu suga a duba tafin ƙafa bayan an gama, a aje dabino kusa ko da suga zai faɗi, kuma da zafin nan namu bayan asuba ko cikin esi za'a yi.