Kurakuran Masu Ɗaukar Hoton Jama'a a Bakin Harkokinsu

Da yawa daga masu fara ɗaukar hoton rayuwar jama'a a Kaduna sun ɗauka cewa hoton da ba a shirya masa ba satarsa ake yi. Sai ka ga mutum ya laɓe bayan Keke Napep a Kasuwar Barci, ya miƙo waya, ya ƙyasta, ya yi gaba. Wannan ne babban kuskuren. Hoton sata a karkace yake fitowa, fuska rabi, kuma in aka kama ka, ka shafa wa duk mai kyamarar da zai zo bayanka kashin kaji.

Maganinsa sallama da zama. In Panteka, kasuwar maƙera, za ka, fara da shugabannin kasuwa, ka faɗa musu ko kai wane ne da inda hoton zai je. Sannan ka samu benci kusa da mai ƙera tukwane ka ce, "Sannu da aiki, Baba, zan ɗan zauna in yi kallo." Da farko zai gyara hula, yaransa su jeru suna murmushi. Ɗauki wannan ɗin ma, ka nuna musu. Amma kada ka mayar da kyamara jaka, don a nan ne mafi yawa suke tafka asara. Can ciniki zai shigo, guduma ta ci gaba, a manta da kai. Sai a lokacin za ka ga Baba ya ɗaga tukunya sama yana duba gindinta da ido ɗaya, ko yaron shago yana share gumi da bayan hannu saboda tafinsa ya yi baƙi ƙirin.

Akwai kuma masu cewa, "Malam, ɗan yi kamar kana aiki." Da zarar ka faɗi haka ka koma shirya wasan kwaikwayo, kuma hannun mai aikin gaske daban yake da na mai kwaikwayo. Haƙuri za ka yi, aikin zai zo da kansa.

Ta ɓangaren na'ura, daina janyo hoto daga nesa da yatsa biyu a waya, yana dushewa. Taka ka matsa. Mai kyamara ya riƙe gilashin gaban kyamara (lens) na 35mm ko 50mm, saurin ƙyastawa kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in kuwa hada-hada ce irin ta tashar Kawo, a kai shi 1/500. Kashe filasha. Ranar tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido, don haka fito da hantsi ko bayan La'asar, ko ka nemi mutane a ƙarƙashin rumfa. Hazon hunturu kuwa alheri ne, yana tausasa haske.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar almajirai da mabarata kamar ba su da mutunci, a watsa a Facebook don neman yabo. Yaro ba a ɗaukarsa sai da iznin iyaye ko malaminsa. Mace in ta kau da kai ko ta ja mayafi, ta ba ka amsa ke nan, sauke kyamara. Kuma Kaduna garin sojoji ne: kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro kada ma ka fito da ita.

In ka koma gida, rubuta wuri da kwanan wata da sana'ar mutumin a jikin kowane hoto tun kafin ka manta. Wanda ka yi wa alƙawarin wanko masa nasa kuma, ka kai masa.