Yadda ake horar da ƙwaƙwalwar matasa marasa matsuguni don su samu aiki su riƙe shi

Abin da ke raba matashi marar matsuguni da aikinsa sau da yawa ba lalaci ba ne. A ba shi umarni uku ya kama ɗaya, ya manta ranar ganawa, ya fara abu ya bari a tsakiya. Rashin barci, fargabar kwanan titi, tsohon rauni a ka da shaye-shaye duk suna taɓa natsuwa da tunawa da iya tsara abu. Ga shi kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da tsari da kame kai, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

A fara da awo. Gwajin MoCA, wani gajeren gwaji na natsuwa da tunawa da tunani, maki 30 ne, yana ɗaukar kamar minti 10, yana kuma ba da alamar fannin da ƙwaƙwalwa ke gazawa. Kada a yi shi ranar da matashin ya kwana bai runtsa ba ko yana cikin maye, domin makin zai faɗi ƙasa da ainihin ƙarfinsa. Bayan nan a tambaye shi aikin da yake so, a zaɓi fanni biyu kawai da wannan aikin ya fi buƙata.

Tsarin horar da ƙwaƙwalwa mai suna NEAR, wanda Alice Medalia ta Jami'ar Columbia ta ƙirƙira, samfuri ne mai kyau: ƙaramin rukuni na mutum shida zuwa takwas, zama biyu a mako, kowane zama kusan awa ɗaya. A ware wajen wata uku. Kashi biyu cikin uku na lokacin a kan kwamfuta, kowa da atisayensa. A daidaita wahalar yadda zai riƙa cin kamar takwas cikin goma. In ya fi haka sauƙi zai gundura, in ya yi tsanani zai tuna irin faɗuwar da ya sha a makaranta, gobe ba za a gan shi ba.

Sauran lokacin shi ne ƙashin bayan shirin, kuma nan aka fi yin sake. Wanda ya ƙware a wasan tuna lambobi, a wasan ya ƙware. Ƙwarewar ba ta bin sa wurin aiki da kanta. Sai mai horarwa ya gina gada. Ya tambaya: wace dabara ka yi ka ci wannan matakin, a ina za ta yi maka amfani gobe? Sannan a gwada a aikace. Wani ya zama shugaban aiki ya jero umarni biyar da sauri, matashin ya tsayar da shi cikin ladabi, ya maimaita da bakinsa, ya rubuta, ya kasa su gida uku ko huɗu, tunda abin da kai ke riƙewa lokaci guda bai cika wuce haka ba. A kuma rubuta shiri mai siffar "idan kaza, to kaza": idan na ga zan makara, to zan kira kafin lokacin shiga. Ƙararrawar waya tana taimako, amma wayar marar matsuguni yau babu caji, gobe an sace, don haka jadawalin ayyukansa ya kasance a ɗan kati a aljihu, kwafinsa a ajiye a cibiyar horon.

Kada a ce sai an gama horo za a nemi aiki. Shirin Thinking Skills for Work na Susan McGurk da Kim Mueser, wanda aka gina don masu fama da taɓin hankali mai tsanani, ya haɗa atisayen da neman aiki na gaske, kuma mai horarwa da mai sama wa matashin aiki suna magana da juna. Abin da ya gagara a wurin aiki ranar Litinin shi ne darasin zaman Laraba.

Fashin zama dole ne, domin wurin kwana yana canzawa. A bar ƙofa a buɗe, wanda ya ɓace mako biyu ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya ba tare da tuhuma ba. Sunan shirin ma abin lura ne: "horon shirin aiki" yana jawo mutane, "gyaran ƙwaƙwalwa" yana korarsu. Wanda karatu ke ba wuya a ba shi atisayen hoto da sauti. Wajen auna nasara kuwa, a ƙirga ganawar da ya halarta kan lokaci da makonnin da ya yi a bakin aiki, makin kwamfuta ya zo daga baya.