Yadda za ka tarbi kuskure a makiron Excel kafin ya ɓata maka lissafi

Ɗauki misalin dillalin hatsi a Tudun Hatsi cikin Gombe, da fayil ɗin Excel mai tara cinikin masara, wake da gero, da maɓalli ɗaya mai fitar da ribar wata. Maɓallin yana kunna makiro ne, wato jerin umarni da aka rubuta wa Excel da yaren shirye-shiryensa mai suna VBA. Ranar da yaron shago ya rubuta "bashi" a gurbin adadi, makiron zai tsaya cak, ya fito da saƙon kuskure mai lamba 13. In ka danna Debug, layin da ya jawo abin zai koma rawaya. Wannan tsayawar gata ce. Wanda ake jin tsoro shi ne makiron da ya wuce abinsa shiru, ya miƙa maka jimillar da ba ta cika ba.

Abin da On Error Resume Next ke yi ke nan idan aka liƙa shi a saman aiki, kamar yadda masu koyo suka saba. Umarnin yana cewa duk layin da ya gaza a tsallake shi a ci gaba. Buhu arba'in sun faɗi daga lissafi, ba saƙo, ba alama. Babban wurinsa shi ne layi ɗaya da ka riga ka san zai iya gazawa: ka kunna shi, ka duba Err.Number (lambar kuskuren da ya auku) nan take, sannan ka mayar da tarkonka, wato On Error GoTo mai tura makiro sashen kula da kuskure.

Ga tsarin da ya dace da yawancin aiki:

Sub LissafinWata()
On Error GoTo Matsala
Application.EnableEvents = False
Application.Calculation = xlCalculationManual
' aikin lissafi a nan
Kammala:
On Error Resume Next
Application.Calculation = xlCalculationAutomatic
Application.EnableEvents = True
Exit Sub
Matsala:
MsgBox Err.Number & ": " & Err.Description
Resume Kammala
End Sub

Lura da Exit Sub. In ka manta shi, makiron zai zarce cikin Matsala ko da komai ya tafi lafiya, ka ga saƙo mai lamba 0. Sashen Kammala kuma shi ne gishirin miyar. An kashe lissafin kai tsaye don aiki ya yi sauri, to in makiron ya mutu a tsakiya ba a mayar da shi ba, haka Excel zai zauna. Ka canza farashin buhu, jimilla ta ƙi motsi, kai kuma ba ka sani ba. Resume Kammala ne ke tabbatar da an mayar da komai yadda yake ko da an samu kuskure.

Lambobin da ke yawan fitowa kaɗan ne. Lamba 11 raba adadi da sifiri ce. Ita da 13 duk ba sa bukatar tarko: duba gurbin da IsNumeric, ka tabbata mai rabawa ba sifiri ba ne, kafin ka yi lissafin. Lamba 91 takan zo bayan Find, in ya nemi sunan abokin ciniki bai samu ba, kai kuma ka nemi layinsa. Sai ka fara tambaya da If Not x Is Nothing, inda x shi ne abin da Find ya dawo da shi.

Lamba 6, wadda ke fitowa in adadi ya fi ƙarfin nau'in ma'ajiyar da aka ba shi (kamar Integer, Long ko Currency), ta fi damun masu lissafin naira. Integer ba ya wuce 32,767, ciniki ɗaya kan fasa shi. Long yana kai wa 2,147,483,647, ya isa ƙidayar layuka, amma kuɗi a ba su Currency.

Akwai wadda ta shafe mu masu rubutun Hausa musamman, wato lamba 9. Tana fitowa in ka kira shafin da babu shi. An sa wa shafi suna "Kuɗi", kai kuma ka rubuta "Kudi" a makiro, to a wurin Excel sunaye biyu ne daban. Kwafo sunan ma ba ya raba gardama, domin wurin rubuta VBA ba ya karɓar ɗ, ƙ da ɓ, alamar tambaya yake mayar da su. Ko dai ka haɗa harafin da ChrW(599) na ɗ, ChrW(409) na ƙ, ChrW(595) na ɓ, ko kuma, mafi sauƙi, ka daina sa haruffa masu ƙugiya a sunayen shafuka.

Wajen gwaji, Alt da F11 ke buɗe wurin rubutun, F8 yana tafiya layi-layi, F9 yana sa shinge inda kake so a tsaya. Rubuta Option Explicit a can sama domin ya kama sunan da hannu ya goce wajen bugawa. Kuma ka yi gwajin a kan kwafin fayil, saboda Ctrl da Z ba sa dawo da abin da makiro ya goge.

In ka shirya tarko daidai amma har yanzu makiron na tsayawa da layin rawaya, shiga Tools, Options, General a wurin rubuta VBA. Wataƙila an zaɓi Break on All Errors, wanda ke yin watsi da duk wani On Error. Mayar da shi Break on Unhandled Errors.