Yadda Ake Haɗa Goge da Kiɗan Gargajiyar Suwidin da Norwe a Kumasi

Duk makaɗin goge a unguwar Aboabo ko Asawase ta Kumasi da ya sami damar zama da baƙon makaɗi daga Suwidin ko Norwe, ya kamata ya ajiye ganga gefe tukuna, su fara da tsirkiya kawai. Dalilin yana cikin ƙirar kayan kiɗan. Gogenmu tsirkiya ɗaya gare shi ta tsagiya, a kan ƙwaryar da aka rufe da fatar guza. Hardingfele kuwa, wato gogen gargajiyar Norwe, tana da tsirkiya 4 da ake gogawa, da wasu 4 ko 5 a ƙarƙashinsu da ba a taɓawa, sai dai su riƙa amsa amo da kansu, yayin da nyckelharpa, wato gogen gargajiyar Suwidin, ke da 16, waɗanda 12 daga cikinsu masu amsa amo ne. Amon nan siriri ne ƙwarai, kalangu ɗaya ya isa ya binne shi.

Baƙo zai ja amo ɗaya ya riƙe, mai goge ya ɗaure ko ya sassauta tasa har su daidaita, domin tsirkiya ɗaya ta fi 16 saurin gyaruwa. Da damina laimar Kumasi kan sassauta fata, don haka sai an sake dubawa bayan kowace waƙa.

Inda aikin yake shi ne taki. Kiɗan rawar Suwidin da ake kira polska bugu uku ne, amma a wasu yankunan bugun ba tsawonsu ɗaya ba, wani gajere, wani dogo. Kunnen da ya saba da kiɗan biki a Zango zai ji kamar kiɗan yana ɗingishi, hannu kuma zai so ya miƙe shi. A ganina nan ne ake ɓata haɗin, domin ɗingishin shi ne daɗinsa. Mai goge ya zuba wa ƙafar baƙon ido, zai ga yana dira ta a bugu na ɗaya da na uku, sai ya kwaikwayi hakan da tasa ƙafar kafin ya ɗauki goge. Ellika Frisell, mai gogen Turawa 'yar Suwidin, da marigayi Solo Cissokho, makaɗin kora (wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa) ɗan Senegal, sun haɗa irin wannan kiɗa har suka sami lambar yabo ta BBC a 2003.

Sai takin ya zauna a jikin kowa sannan a kira mai kalangu, ya shigo a hankali, yana cike gibin da ke tsakanin dirar ƙafa biyun, kuma a zaunar da shi nesa da makirufon baƙo.